Yatsun Gwani

"Sake ɗorawa. Ka danna da kyau, kada ka motsa."

"Ranki ya daɗe, na danna. In na ƙara a kan haka gilashin naku zai tsage."

Matar da ke bayan teburin ba ta yi dariya ba. Ta zaro tishu, ta goge fuskar 'yar na'urar ɗaukar zanen yatsu karo na shida, ta yi masa nuni da haɓa. Gwani ya sake jera yatsunsa huɗu na dama a kan gilashin. Koren haske ya bi ta ƙarƙashinsu a hankali, ya dawo, sai na'urar ta sake yin 'yar ƙarar nan da tun ɗazu take yi, wadda ya riga ya gane a'a take nufi.

"Wane aiki kake yi?"

"Tayil nake sawa. Shi ne ma aikin da kamfanin ya kira ni a can, ga takardar nan a gabanki."

Ta ɗago ta dubi hannun nasa, duba ɗaya tak, ta mayar da ido kan kwamfuta. Duban nan kuwa ya ishe shi. A ofishin biza kowa tsaf yake, ƙasa na sheƙi, sanyi na busowa daga sama, har mai gadin ƙofa ƙamshin turare yake. Ga nasa hannun shimfiɗe a fili kamar an kawo shi shaida: tafin ya yi kanta, gefen yatsu duk ya tsattsage, farin siminti ya zauna a cikin tsagar, irin wanda sabulu ya daɗe da sallamawa. Shekara ashirin da biyu yana alfahari da hannun nan. Yau ce rana ta farko da ya so ya cusa shi a aljihu.

"Na'ura ba ta ɗauka ba," in ji ta. "Ba zanen yatsu, ba biza. Ka dakatar da aikin nan tukuna, ka dawo bayan mako biyu. Ga ranar na rubuta maka. Mai lamba tamanin da uku!"

"Ranki ya daɗe, to me zan..."

Mai lamba tamanin da uku ya riga ya tsaya a kafaɗarsa. Gwani ya tattara takardunsa ya fito. Ko a cikin wannan hali, tafin ƙafarsa bai fasa gaya masa ba cewa tayil na uku daga bakin ƙofa bai zauna ba, akwai rami a ƙarƙashinsa.

Abokan aiki ne suka sa masa Gwani, sunan ya bi shi har gida. In ya shimfiɗa tayil a falo, sai ka zuba ruwa ya rasa inda zai gangara. Wani ɗan kwangila da yake yi wa aiki ya ɗauki bidiyon wata matattakala da ya yi, bidiyon ya kai hannun wani ejan mai nema wa kamfanonin ƙasashen waje ma'aikata, bayan wata uku sai ga takarda da hatimi: aikin shekara biyu, ga wurin kwana, ga jirgi. Sharaɗi biyu ne kawai a jikinta. Ya samu biza kafin ranar da aka rubuta a ƙasan takardar, wato nan da kwana talatin da biyar. Kuma kamfanin ba ya ɗaukar wanda ya cika shekara arba'in. Shi kuwa saura masa wata biyu.

A cikin bas ya zauna kusa da taga, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Yana kallon benaye suna wucewa, wasu ya san cikinsu ɗaki-ɗaki, ya san launin banɗakinsu, ya san inda ya yi dabara ya ɓoye karkatar bango don kada mai gida ya gani ya ji haushi. Shi da ya ƙawata wa mutane ɗakunan da ko ƙidaya ba zai iya ba, shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayansa, shi da matarsa da 'yan matansu biyu, a kan tsohuwar leda mai faci. Babban ɗan Yaya kuma ya isa aure. Yaya bai taɓa cewa ku tashi ba, mutumin kirki ne. Sai dai kwanan nan in ya leƙo gaisuwa, idonsa kan bi bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai awo.

Ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, yara suna makaranta. Tana jin sallamarsa ta ɗauke ƙafa daga keken.

"Injiniya! An buga?"

"Ba a buga ba, Mutuniyar."

Ya zauna a bakin gado ya ba ta labari tun daga farko, har da tishun, har da duban da matar ta yi masa. Ta saurara tana cizon leɓe, sannan ta jawo kujera gabansa.

"Ba ni hannun in gani."

Ta juya shi ciki da baya, ta bi tafin da babban yatsanta.

"Kai, Baban yara. Wannan ai ko ni ce na'urar sai in ƙi. Kamar bayan kada."

"Bayan kada? Shekara goma sha ɗaya ban ji kin kai ƙara ba."

"Ni ai ba gilashi ba ce." Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Wai fuskar abin, yaya take?"

"Sumul. Kamar madubi."

Yana faɗar haka sai ya ji abin ya faɗo masa a ka, sarai, kamar an kunna fitila. Ai wannan sana'arsa ce. Wa ya fi shi sani? Ka ɗauko tayil mafi kyau a duniya ka ɗora a kan ƙasa mai tudu da kwari, ba zai zauna ba; nan ya taɓa, can ya tashi, iska ta shige ƙarƙashi. Sai ka fara daidaita ƙasar, ka kankare tudun, ka shafe, sannan su haɗu. Gilashi sumul, hannu duk kanta da tsaga, ta yaya za su haɗu? Ya miƙe tsaye yana yi mata bayani da hannu biyu, kamar yadda yake yi wa masu gida in sun zo duba aiki.

"To shi ke nan," in ji ta, idonta na ƙyalli. "Kai ka san daidaita ƙasa, ni na san daidaita fata. Ka bar min."

Ta durƙusa ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado, ta fito da dutsen da take goge kaushin ƙafarta da shi.

Daga ranar aka kafa doka. Da safe bayan yara sun tafi, da kuma la'asar kafin su gama wasa a waje, sai ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta juye a roba, ta zuba garin sabulu. Ya tsoma hannuwansa har fatar ta yi laushi ta yi fari. Sannan ta ɗora hannun a kan cinyarta, ta kama yatsa ɗaya-ɗaya tana gogewa da dutsen, a hankali, a zagaye, tana hura masa iska in ya ce wash. Kan yatsun ta fi ba wa ƙarfi, tun da su ne za su hau gilashi. In ta gama ta shafe su da basilin, ta zura masa safar ƙafar babbar 'yarsu, mai zanen furanni, a kowane hannu.

Wata rana Yaya ya leƙo ya same shi haka, zaune da hannuwa a cikin safa.

"Ikon Allah! Wai aikin gini za ka ne, ko gasar kyau?"

"Yaya, ilimi ne. Ba za ka gane ba."

"Ai kuwa ban gane ba. Allah ya ba da sa'a." Ya tafi yana dariya, amma sai da idonsa ya bi bangon.

In da za a tambayi Gwani kwanakin da suka fi masa daɗi tun da ya yi aure, da waɗannan goma sha huɗun zai ambata, ba tare da ya tsaya tunani ba. Shi da kullum yake fita kafin rana ta fito, ya dawo gwiwoyi na kuka, bai taɓa sanin cewa da hantsi haske kan shigo ta tagarsu ya kwanta a gefen wuyanta ba. Bai san tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi in aiki ya ɗauke mata hankali ba. Tana gogewa suna gina gida da baki: ɗaki biyu da falo, da ɗan wurin da za ta ajiye kekenta ba sai ta ture gado ba. Ita ta ce tayil ɗin falon ruwan madara take so. Shi ya ce ruwan madara ba ya ɓoye datti, da yara a gida. Suka yi musu a kan haka kwana biyu cur, kamar ga falon nan a gabansu.

"In ka je can," ta ce wata la'asar, ba ta ɗago ba, "ka ga masu santsin hannu na asali, kada ka manta wadda ta goge maka naka."

"Ke dai ki yi ta addu'a kada in mutu da kewa kafin wata uku."

"Ba wani nan. Ku maza?"

"Wallahi, Mutuniyar."

Ta ɗora kumatunta a bayan hannunsa na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da gogewa.

Zuwa kwana na goma kan yatsunsa sun yi ja-ja, sun yi sheƙi kamar fatar jariri. Kofin shayi ya gagare shi riƙewa saboda zafi. Wata safiya kofin gilashi ya sulɓe daga hannunsa ya tarwatse, suka dubi juna suka fashe da dariya. "Ka gani?" in ji ta. "Ko gilashin gida ya shaida."

Ranar komawa ta goge masa riga, ta raka shi har bakin titi, abin da ba ta saba yi ba.

Wannan karon wani dattijo mai tabarau ya tarar a teburin. Gwani ya ɗora yatsunsa da ƙarfin gwiwa, har yana satar kallon yadda suka kwanta lif a kan gilashin, ba tudu ba kwari. Koren haske ya wuce. Ƙarar nan ta sake fitowa. Suka gwada hagu. Suka gwada manyan yatsu. Dattijon ya cire tabarau, ya kama hannun Gwani ya kai kusa da fuskarsa.

"Ɗan'uwa, me ka yi wa hannunka?"

"Gyara shi muka yi, ranka ya daɗe. Da dutse. Wancan karon kaushi ya yi yawa."

Dattijon ya saki hannun, ya mayar da tabarau. Sannan ya juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Duba nan." Ya ɗora nasa yatsan a kan na'urar. Hoto ya fito baƙi da fari, layuka sirara suna zagaye juna, suna lanƙwasa, suna rabuwa, kamar gona da aka yi wa huɗa aka hango ta daga sama. "Yanzu ɗora naka."

Gwani ya ɗora. Wani abu ya fito mai kama da ƙwai, toka-toka, babu ko layi ɗaya a cikinsa.

"Na'urar nan ba ruwanta da kaushi, ba ruwanta da datti," in ji dattijon a hankali. "Waɗannan layukan take nema, su ne kai. Siminti ya ci wasu, ku kuma kun ƙarasa sauran." Ya danna wani abu. "Ga na zuwanka na farko. Ka ga, yatsu shida sun kusa hawa. Da ka bar su sun huta kawai, ba ka taɓa su ba, da yau mun gama."

Gwani ya janye yatsansa daga gilashin. Ya ji sanyin ofishin ya shige masa har ƙashi.

"Suna dawowa?"

"Suna dawowa, in ba a ci su da zurfi ba. Amma fata ba ta sauri." Dattijon ya duba ranar da ke ƙasan takardar kamfanin, ya girgiza kai. "Zan ba ka nan da kwana goma sha biyu, ita ce rana ta ƙarshe da biza za ta iya fitowa kafin takardarka ta mutu. Kada ka taɓa siminti, kada ka taɓa sabulu mai ƙarfi. Dutsen nan kuwa, don Allah, a jefar da shi."

Tun daga tasha har gida yana shirya ƙarya. Zai ce na'urarsu ce ta lalace. Zai ce layi ya yi yawa. Ya shirya ta tsaf, ya kuma faɗe ta tsaf, yana cire takalmi don kada ya dubi idonta.

"Oh, su kuma!" in ji ta. "To ba komai. Kwana goma sha biyu ko? Sai mu ci gaba, kada kaushin ya samu hanyar dawowa."

Ashe ta riga ta ɗora ruwa. Ta kawo robar ta ajiye, ta jawo kujerarta, ta ɗauko dutsen, ta miƙo hannu ta kama nasa kamar kullum. Shi kuwa ya fizge. Bai yi niyya ba, jikinsa ne ya yi. Tun da suka yi aure bai taɓa janye hannunsa daga nata ba.

Ta tsaya da dutsen a hannu tana kallonsa.

"Baban yara. Me suka ce maka?"

Ya gaya mata. Ya yi ta zagaye-zagaye, ya ɗora wa siminti laifi, ya ɗora wa matar farko da ba ta yi bayani ba, amma mace ce mai kaifin hankali, tun kafin ya kai rabi ta riga shi isa ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya san yadda zai rarrashe ta. Ta dai dubi dutsen, ta dubi yatsunsa masu sheƙi.

"Sau ashirin da takwas," ta ce. "Safe da yamma. Ina yi ina waƙa."

"Ni na kawo maganar daidaitawa. Ni ne na ce..."

"Kai ka faɗa. Ni na goge."

Ta ɗauki robar ta fita ta zubar da ruwan a magudana, ta daɗe a can ba ta dawo ba.

Bangon gidan ba ya riƙe magana. Washegari matar Yaya tana shanya a tsakar gida, tana yi wa maƙwabciya hira da muryar da aka yi don a ji: wai wasu matan in ba sa son miji ya yi nisa, ba sa faɗa da baki, sun san hanyoyinsu. Gwani ya yunƙura zai fita, matarsa ta riƙe masa riga.

"Bar ta. Wa ya sani ko gaskiya ta faɗa? Kullum ina gogewa ina cewa a raina, da ma kada ranar ta zo."

"Wannan ai so ne, ba mugunta ba."

"To ga inda son ya kai ka."

Kwana goma sha biyun nan ba su yi kama da na farko ba ko kaɗan. Ya zauna kamar majinyaci, hannuwa a kan cinya, tafin na kallon sama. Ba ta bari ya ɗauki bokiti, ba ta bari ya murɗa famfo, har maɓallin riga ita take sa masa. Kowace safiya sai ta ja shi bakin ƙofa inda haske ya fi, ta kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana karkata su, tana ƙanƙance ido, tana neman layi. Wani lokaci ta ce, "Kamar ga wani nan," sai ta sake dubawa ta girgiza kai. Waƙar nan ta ƙasan maƙoshi ta ɗauke. Injiniya ma ta daina kiransa. Ba wanda ya sake tayar da maganar launin falo.

A zuwa na uku yatsu huɗu suka hau. Dattijon ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sa shi ya hura musu iska, ya sa shi ya shafa su a goshi don su ɗan sami maiƙo, suka gwada har na bayansa suka fara tsaki. Huɗu dai.

"Akwai wata hanya," in ji dattijon, yana kauce wa idonsa. "Likita ya rubuto cewa aiki ne ya cinye maka yatsu, mu haɗa da takardunka mu tura sama, su duba. Amma yakan ɗauki mako shida, wani lokaci takwas. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Wallahi na so maka."

Daga nan ofishin ejan ya wuce, wani ɗan ɗaki a saman shagon waya, fanka na juyawa tana kaɗa hotunan manyan gine-gine da aka manna a bango. Ejan ya saurare shi yana amsa waya biyu.

"Gwani, Gwani. Dutse kuma? Wa ya aike ka?" Ya ja tsaki, ba na raini ba, na takaici. "Gurbinka ba zai jira ba, akwai mutum uku a bayanka. Sai dai ayari na gaba, nan da wata huɗu."

"Nan da wata huɗu na wuce arba'in."

"Na sani. Zan roƙa maka, tun da sun ga aikinka sun yaba. Amma ban yi maka alkawari ba, ka ji? Ban taɓa ganin sun ɗaga wa kowa ba. In za ka gwada, to ka ci gaba da zama, kada hannun nan ya ga siminti har ranar."

Ya sauko daga benen yana dafa bango. A bakin titi wayarsa ta yi ƙara, ɗan kwangilar nan ne: ya samu wani bene hawa uku, yana neman mai tayil daga gobe, in Gwani bai riga ya zama ɗan ƙasar waje ba. Gwani ya ce zai kira shi. Bai hau bas ba, da ƙafa ya tafi, yana ratsa kasuwa da tashar mota da layin masu walda, mutane na bangazarsa bai ji ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda zai kama. Ba a cuce shi ba, ba a hana shi ba. An buɗe masa ƙofa sau ɗaya a rayuwa, shi da matar da ta fi kowa sonsa suka zauna safe da yamma, suna dariya, suka rufe ta da hannunsu.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, da alama ta daɗe a wurin. Ba ta tambaya ba, tafiyarsa ta gaya mata. Ya zauna a kan benci ya faɗa mata duka, har da wata huɗun, har da ban yi maka alkawari ba.

"To mu jira," ta ce da sauri. "Wata huɗu ba shekara ba ce. Zan karɓo ɗinkin kayan makaranta, zan yi ta yi, ba abin da za mu rasa. Kai dai ka zauna."

"Ya ce bai taɓa ganin sun ɗaga wa kowa ba."

"Sai su fara a kanka! Baban yara, don girman Allah." Ta durƙusa a gabansa. "In ka jira suka hana, su ne suka hana. In ka fasa yanzu, ni ce. Ni ce har in mutu. Kada ka bar ni da wannan."

Tana magana ta kama hannunsa, ta juya shi wajen sauran hasken rana, ta fara duba yatsun, ba ta ma san tana yi ba. Ya zuba wa tsakiyar kanta ido. Sai yanzu ya lura ta rame, ƙashin wuyanta ya fito. Sai yanzu kuma ya tuna cewa tun ranar da ya fizge hannunsa ba ta ƙara duban fuskarsa ba, yatsun kawai take kallo. Ya hango wata huɗu a gabansa, safiya bayan safiya a bakin ƙofar nan, tana neman layi, tana ƙara ƙanƙancewa, a ƙarshe ejan ya ɗaga waya ya ce a yi haƙuri. A ranar ba aikin kaɗai zai rasa ba, matar da za ta rage masa ba wannan ba ce. Ya kuma san in ya tsaya a nan, zai bar ta da nauyin da take roƙo kada ya bar ta da shi. Ya auna biyun, bai ga mai sauƙi ba.

Gyaran murya suka ji. Yaya ne tsaye daga ɗan nesa, yana murza hularsa a hannu.

"Na ji an dawo, na ce bari in ji yadda aka yi." Ya dube su, ya gane, ya sunkuyar da kai. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni dai... dangin yarinyar nan da yaron zai aura ne suka sake aiko min, suna tambayar lokaci. Na ce musu sai na ji tafiyarka tukuna. Ba wai ina nufin wani abu ba ne, ka gane."

"Na gane, Yaya."

"In jira ne, sai in ce musu su ƙara haƙuri."

"Zai jira," in ji ta, ba ta saki hannun ba. "Yaya, ka gaya masa ya jira."

Gwani ya dunƙule yatsunsa a hankali a cikin tafinta, har ba sauran abin da za ta duba. Dole ta ɗago ta dube shi, idonta cike da hawaye. Ya ɗaga murya yadda har matar Yaya za ta ji daga ɗakinta.

"Yaya, ka ba su lokacinsu, ƙarshen wata za mu nemi wani wuri mu bar wa yaro ɗakin. Ke kuma, Mutuniyar, ki yafe min. Na fasa tafiyar nan. Gobe da safe zan koma aiki."